Ƙasar Tukwanen Gwaggo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu. Ta cika ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta na Bagega, aka yi mata sutura kafin azahar. Ƙanwar babana ce. Ita ta yaye ni, ita ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji a Anka. 'Ya'yan cikinta biyu ne, duk maza, saboda haka ni aka zaunar a bakin gadonta ina karɓar gaisuwar mata.

Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa, ta yi mini ya haƙuri, sannan idonta ya tafi sama. Tukwane ne a rataye cikin ragaya tun daga bakin ƙofa har ƙuryar ɗaki, kowace da shukarta. Ga moda mai dogon ganye a miƙe, ga zabuwa mai ƙayoyi a gefen ganye, wadda yaran yanzu ke kira alobera, ga ɗoɗɗoya da na'a-na'a a jikin taga. Matar liman ta ja numfashi ta ce, "Ikon Allah. Ɗakinga mutuwa ta shige shi, amma ƙamshi bai hita ba."

Wata Bafulatana mai nono, ƙawar Gwaggo tun suna da ƙarfinsu, ta taso tun daga rugarsu ta wajen Nasarawa Burkullu. Ita ko gaisuwar ba ta iya ƙarasawa ba. Ta tsaya tsakiyar ɗaki da ƙwarya a hannu tana kuka tana cewa, "To wa za shi ba su ruwa yanzu?" Aka kama ta aka zaunar.

Can sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu, irin tsofaffin nan da ba sa tauna magana. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke ta ɗiyar tata ta Anka?"

Na ce, "Ni ta, Inna."

"Kun ko gana kahin ta cika?"

Babu wadda ba ta san abin da take nufi ba. Shekara biyar na yi ban taka gidan nan ba, saboda wata magana da na faɗa wa Gwaggo a gaban maza da mata: na ce ita ta kashe mini ɗa. Ranar makokin ban amsa wa tsohuwar ba, na sunkuyar da kai har matar liman ta ɗauko wani zance. Yanzu zan amsa. Amma sai na fara faɗin wace ce Gwaggo, don ba na so a riƙa tuna ta da bakina kaɗai.

'Yar Gummi ce. Kakana yana da lambu a bakin gulbi, a can ta tashi cikin albasa da tattasai, ƙafarta kullum da danshi. Da aka kawo ta aure Bagega sai ta tarar da tudu da duwatsu, ga kulle. Ta ce wata uku ta yi tana jin kamar an toshe mata hanci. Ranar da ƙanenta ya kawo mata ziyara da damin ɗoɗɗoya don miya, ta zare reshe ɗaya ta soke a fasasshen kasko, ta ajiye bayan ƙofa. Ya kama. Daga nan abin ya samo asali, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara kwana a ɗakin da babu shuka ba. Tana da wata magana da duk wanda ya san ta ya haddace: "Ɗakin da babu ɗanyen ganye, kabari na mai ƙohwa."

Ba a jefar da fasasshen abu a gidanmu. Randa ta tsage, tulu ya yi huda, kwanon sha ya ɓule, duk Gwaggo tana da aikin da za ta ba su. In yarinya ta fasa tukunya a unguwa, uwarta ta gama faɗa sai ta ce, "Kwashe ki kai ma mai tukwane." Sunan da ake kiranta da shi ke nan a bayan ido, ita kuma ta sani, ba ta damu ba.

Ruwa a garinmu ba abin wasa ba ne, amma ta san yadda take yi. A kan kwano take alwala, abin da ya taru ta zuba wa moda. Ƙasarin gero kuwa kullum sai an yi rigima a kansa tsakaninta da awakinta, su suna kuka a turke, ita tana ce musu su yi haƙuri, yau ba ranarsu ba ce. Kowace safiya tana fitar da tukunya biyu ko uku su sha hantsi, ta mayar da su kafin rana ta yi zafi, gobe kuma a fitar da wasu. Ranar Juma'a takan jiƙa tsumma ta bi ganyen moda ɗaya bayan ɗaya tana gogewa. Ni ce mai riƙe mata kwanon ruwa, ina tura baki, don ƙawayena suna can suna gaɗa. Wata rana na ce mata ganye dai ba jariri ba ne. Ta ce, "Ke ma da ban goge ki, da yanzu ba a gane ki."

Tana da gadali guda a ƙarƙashin taga, shi ya ja mata surutu. Mata suka ce da shi ta ɗaure mijinta, shi ya sa da an yi azahar ba a ganinsa a majalisa. Da maganar ta kai kunnen Baba, wato mijin nata, sai ya yi dariya ya ce, "In asiri na, lalle ya ci ni. Ku shiga ɗakin da bazara ku ji, in kun iya hitowa ku zo ku ba ni labari." Gaskiyarsa ce. Ɗakin yana da wani sanyi mai laushi da ban taɓa ji a wani ɗakin ƙasa ba, sauro ma bai cika damun mai kwana kusa da ɗoɗɗoyar ba.

Gwaggo tana da ciwon fuka. Hayaƙin itace da na fitila yana tayar mata da shi, kuma ta haƙiƙance cewa ganyen nan suna shanye hayaƙi su bar mata iska mai kyau. Da na shiga makarantar horon malamai sai na fara ganin kaina. Na ce mata wannan camfi ne. Bayan shekaru, ina ɗakin mijina, sai ga saƙo wai in zo. Na taho a firgice, na tarar da ita zaune lafiya lau da rediyo a cinya. Ashe wani shiri ta ji, an ce akwai shuke-shuken da ake ajiyewa a ɗaki don su gyara iska, har aka kwatanta mai dogon ganye irin moda. Ta ce, "Malama, rediyo ya iske ni inda nike. Sai ki koma ki hwaɗa ma littahinki." Don wannan kawai ta sa na sha hanyar Anka zuwa Bagega a kan babur. Iyakar gaskiyar abin da rediyon ya faɗa ban sani ba har yau, amma ban ƙara yi mata gardama ba.

In ana biki a unguwa, mata suna kai wa amarya kwano ko zane, Gwaggo shuka take kaiwa a tukunya. Mai jego ma haka. Kuma kyautar tata da sharaɗi, don bayan wata guda za ta yafa mayafi ta je dubawa. In ta tarar ta bushe, amarya ta shiga uku. "Moda hwa! Wadda ko bisa dutse tana rayuwa. Wadda ta kasa riƙon moda, mi za ta riƙa?" Sai ta kawo wata.

A cikin masu gaisuwa akwai wata mata da mijinta ya rasu a ramin haƙar zinariya tana da ƙuruciya. Ita ta ba ni labarin takabarta. Ta ce tana zaune a ɗaki tana lissafin kwanaki, abinci ba ya shiga, sai Gwaggo ta shigo da ɗan gwangwani da tsiron na'a-na'a mai ganye huɗu. Ta ajiye mata a taga ta ce, "Bar ƙidayar kwana, ɗiyata. Ƙidayi ganye." Ta ce wallahi haka ta yi, kullum da safe ta tashi ta duba ko an samu ƙari. Ranar da ta fita takaba gwangwanin ya cika har ya zubo, da shi aka yi shayin masu zuwa barka.

Ƙasar tukwane kuwa ita take haɗa abarta, ba ta yarda da hannun kowa ba. Sharar tsakar gida ba ta fita waje. Takan tara ta a lungu, ta zuba toka da busasshen kashin awaki, ta tankaɗe da rariya, ta yayyafa ruwa ta rufe da tsohuwar tabarma. Duk shekara kafin damina sai ta sauya wa tukwanenta ƙasa, ta kuma bi gidajen da ta kai kyauta ta ƙara musu. Shekara arba'in tana haka, babu wanda ya taɓa ko ciwon kai.

Sai zinariya ta yi kuɗi. Yayyena biyu, 'ya'yan Gwaggo, suka bar gona suka koma daji. Da yamma su shigo da buhunan dutse, matansu su daka a turmi, a kai inji a niƙa, a dawo a wanke a tsakar gida. Gari duk haka ake yi. Aka sayi babura, aka yi rufin kwano, wanda bai taɓa yanka rago da layya ba ya yanka. Inda ake wankin, wata laka takan kwanta, mai laushi kamar ƙullun koko. Gwaggo ta taɓa ta da yatsa ta ga tana riƙe danshi. Ta ji daɗi, ta ce Allah Ya kawo mata sauƙin ban ruwa. Ta riƙa kwasa tana cuɗawa da takinta. A shekarar nan babu tukunyar da ba ta samu rabonta ba, na ɗakinta da na gidajen mutane.

A shekarar ne kuma na kai mata ɗana yaye.

Ɗan fari ne, kuma an san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai na jira wata ta ce in ɗauke shi. Da ya isa yaye babu wata shawara, wurin wadda ta yaye ni za shi. Gwaggo ta karɓe shi da guɗa. Maigida take kiransa, tana ce masa ya tashi ya ba da kuɗin cefane ko ta yi yaji. Ƙurar dakan dutse ta dame ta ƙwarai, tana tayar mata da fuka, saboda haka ba ta barinsa tsakar gida. Sai ta shige da shi ɗaki, ta saki asabari, ta ce, "Zamna nan, Maigida, nan iska ta wanku." A lokacin tukwanen duk a ƙasa suke, a jere a jikin bango, daidai tsayinsa.

Yara suka fara ciwo a gari. Yaro yana wasa sai amai, sai jijjiga, idanu su kafe, kwana biyu a ce ya koma. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓi ne mai hawa kai. Aka yi rubutu, aka yi turare. Da abin ya zo kan nawa, Gwaggo ba ta jira komai ba, ta goya shi ta hau bayan babur ɗin yayana suka nufo asibitin Anka. A hanya ya cika, a bayanta. Ta ce ta ji lokacin da ya yi nauyi, amma ba ta gaya wa mai tuƙi ba, ta dai ce ya kai su ƙofar gidana.

Ban yi kuka a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, ido yana kaina, aka riƙa yaba mini dauriya. Gwaggo ce ta yi kukan mu biyu. Ni na haɗiye nawa, ya zauna mini a ƙirji kamar dutse, ina zuwa makaranta ina koyar da 'ya'yan mutane da shi. Daga baya likitoci suka zo yankin, ciwon ya samu suna. Gubar dalma ce, tana cikin dutsen da ake dakawa, tana bin ƙura ta kwanta a ƙasa, yara su kai hannu baki.

An daɗe kafin aikin kankare ƙasa ya iso Bagega. Da ya iso, gida-gida ake bi: a fitar da kaya, a kankare saman ƙasa a zuba a buhu, a kawo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa. Na zo taya Gwaggo fitar da kaya. Akwai wani ma'aikaci da ke riƙe da na'ura a hannu, yana ɗora bakinta a ƙasa ya duba abin da ta nuna. Ya gama tsakar gida yana girgiza kai. Sai Gwaggo ta ɗaga asabari da fara'arta ta ce, "Shigo nan ka gwada, ɗana. Nan ba ka samun komi."

Ya shiga, na bi bayansa. Ya gwada daɓen ɗaki ya miƙe. Har zai fita sai ya tsuguna ya ɗora na'urar a bakin wata tukunya. Ya duba, ya sake ɗorawa. Ya matsa ta gaba, da ta gabanta. Sannan ya leƙa waje ya kira abokin aikinsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Inna, a ina kike samo ƙasar nan?"

Ta gaya masa, har da lakar wanki, tana yi masa bayanin yadda take riƙe danshi.

Ya ce, "Akwai ƙananan yara da ke wasa a ɗakin nan?"

Ni kuwa a take na tuna wata ziyara da na kawo, na tarar da shi zaune a gindin moda, leɓensa da baƙi-baƙi, na kawar da kai saboda kunya. Kukan da na haɗiye shekara uku ya taso gaba ɗaya, amma da ya iso bakina sai ya zama magana. Tun ina yarinya bakina ya fi ni sauri. Na fito tsakar gida inda yayyena da matansu da ma'aikata suke tsaye, na nuna ta da yatsa, matar da ta goya ni, na ce, "Ke kinka kashe shi! Ke da tukwanenki! Kin kulle mani ɗa cikin guba kina cewa iska ta wanku!"

Ma'aikacin ya yi ta cewa, "Haba Malama, garin nan ko'ina akwai ta, a turmi, a tabarma, a tufafi. Babu wanda zai iya cewa daga nan ne." Ban saurare shi ba. Na ɗauki tukunyar da ta fi kusa da ni na buga da ƙasa. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da asabari. Na ɗauki mayafina na fita neman babur, ban yi sallama da kowa ba. Magana zarar bunu ce, na sani tun kafin mu fita gari.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. A zaman makoki na tsince shi, wani daga bakin babban yayana, wani daga bakin matan da abin ya faru a ɗakunansu.

Washegari da sassafe ta ɗauki daro ta fita, tsohuwa mai ciwon fuka, ta fara daga gidan farko. Ta yi sallama ta ce, "Na zo amsar gubar da na ba ki." Ba ta bari wani ya faɗa a madadinta ba, ba ta kuma tsallake gida ko ɗaya ba, har gidajen da aka yi rashin yara, inda ta san abin da za a iya ce mata. Ta tattaro tukwanen a ƙofar gida. Ta tumɓuke kowace shuka, ta juye ƙasar a buhunan ma'aikata, ta ba su tsofaffin tukwanen su tafi da su. Saiwoyin ta wanke ruwa uku, ɗaya bayan ɗaya, har suka yi fari. Ta roƙi sabuwar ƙasa daga tulin da aka kawo, ta sake dasawa a sababbin tukwane. Yawanci ba su tashi ba. Gadalin da aka yi ta surutu a kansa ya ruɓe, ɗoɗɗoya ta bushe. Moda da zabuwa ne suka jure.

Waɗanda suka rayu ta mayar wa masu su. Wasu suka karɓa. Wasu suka ce ta bar shi kawai, sun gode. Wata ta rufe mata ƙofa a fuska. Matar yayana da ta raka ta ta fara masifa, Gwaggo ta ce, "Ƙyale ta. Tana da gaskiya, ɗiyanta biyu ta binne."

Tun daga ranar ba ta ƙara ajiye tukunya a ƙasa ba. Ta sa aka saƙa mata ragaya, ta rataye su inda hannun yaro ba ya kaiwa, ta rufe saman ƙasar kowace da tsingaro. Sharar tsakar gida ta koma bola. Ta kuma kafa doka cewa dutsen daji ba ya ƙara shigo mata gida. Ƙaramin yayana ya gwada ta wata yamma da buhu a kafaɗa, ya tarar da ita zaune a bakin zaure da taɓarya a cinya. Ta ce, "Ko buhunga ko uwarka, zaɓi guda." Ya yi fushi ya tashi daga gidan, sai bayan shekara ya dawo, ba buhu. Yaron da duk ya shigo gidan kuwa, ko na waye, ba ya taɓa abinci sai ta wanke masa hannu da kanta.

Ni kuma ina Anka. Zan faɗi gaskiya, fushin bai kai wata guda ba ya wuce. Kunya ce ta zauna, ita kuwa kullum ƙara nauyi take. Duk sallah sai saƙon Gwaggo ya iso, kuka da daddawa da busasshiyar na'a-na'a a ƙulle, amma ba ta ƙara aiko mini da shuka ba. In karɓa in yi miya, in kasa cewa a gaishe ta. Na sake haihuwa sau biyu, na yaye su a ɗakina, na san kuma ta ji, ta gane abin da hakan yake nufi. Mahaifiyata ta yi mini faɗa har ta gaji. Maigidana ya ce zai kai ni da kansa. Kullum sai in ce bayan jarrabawa, bayan damina, in hanya ta yi kyau. Da hanyar ta zo ta lalace da 'yan bindiga, har wani sauƙi na ji, Allah Ya yafe mini, don na samu hujja.

Ranar wata Lahadi babban yayana ya kira ni a waya. Ya ce, "Ƙirjin Inna ya tashi, wanga karo ba irin na da ba na. Ba ta ce a kira ki ba. Amma duk wanda yay yi sallama sai ta ɗaga kai."

Litinin da safe na hau babur. Tun daga Anka nake shirya abin da zan ce, ina gyarawa, ina maimaitawa kamar mai shirin darasi. Zan ce ƙarya na yi, baƙin ciki ne ya sa ni, ba ta da laifin komai, ta yafe mini.

Na tarar da ita kwance an tokare ta da matasai, ta rame har na ga ƙasusuwan wuyanta, numfashinta yana fito. Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ce wa matan yayyena su ba mu wuri.

Na durƙusa na kama ƙafarta. Na ce, "Gwaggo, maganar da na hwaɗa maki, ƙarya ta. Baƙin ciki na yas sa ni. Ba ki da..."

Ta ɗaga hannu. "Ba ƙarya ba ta."

Na ɗago kai, ta ci gaba.

"Ya ci. Ba sau guda ba, ba sau biyu ba. Ranar hwarko da na iske shi da ƙasar tukunya ga baki har dariya na yi, na ce Maigida ya hwara noma. Na share mashi da bakin zane, ban ko wanke ba." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Ko ita ta ɗauke shi, ko ba ita ba, Allah Shi ka sani. Amma ya ci, kuma ni na haɗa ta da hannuna. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba. Ke nike jira, don ke ad da shi. Ki yahe mani."

Ni na zo roƙo, sai ga shi ni ake roƙo. Duk abin da na shirya a hanya ya watse. Na kifa kaina a ƙafafunta na yi kuka mai sauti, irin wanda ban taɓa yi ba tun da nake, ita tana shafa mini kai da hannun nan mara nauyi. Da na samu bakin magana na ce, "Na yahe, Gwaggo, duniya da lahira. To ni hwa?"

Ta ce, "Ke mi kinka yi? Uwa ta yi kuka, anka ji."

"Shekara biyar, Gwaggo. Ki dai hwaɗa da bakinki."

Ta rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "To, na yahe. Tashi ki ba su ruwa. Kwana ukku ke nan ba wanda ya kula su."

Na ɗebo ruwa a buta, na taka kujera, na bi ragayar ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana ɗigo mini a fuska, ita kuma tana kwance tana gaya mini wadda na cika wa ruwa da wadda na tsallake.

Washegari da hantsi ta cika. Allah Ya gafarta mata abin da ta yi da sani da wanda ta yi ba da sani ba. Ni nawa da sani na yi, Allah Ya dubi yafiyarta Ya yafe mini.